Zafin Barkono Da Ɗacin Rogo: Makaman Da Tsiro Ke Yaƙar Ƙwari Da Su

Duk wanda ya san birnin Anacha ya san cewa tun daga shataletalen Ochanja har a gangara kasuwar Ose da ke bakin Kogin Kwara, hanci ne ke fara ba mutum labarin isowar motocin Arewa kafin ido ya gan su. Ga warin albasar Aliero da ta Sakkwato, ga tafarnuwa, ga cittar Kachiya, ga kuma ƙurar busasshen barkono wadda ke sa 'yan dako tari da atishawa sa'ad da suke sauke buhuna. Ita kasuwar Ochanja an fi saninta da takalma da tufafi da kayan amfanin gida, amma a bakin titunan da ke kewaye da ita ba a rasa teburin Bahaushe mai kayan yaji, kamar dai yadda ba a rasa shi a Ogbete ta Inugu ko Mile One ta Fatakwal. Cinikin ya daɗe ƙwarai, har sunan albasa ya bi ta ya shiga bakin Ibo, suna ce mata yabasi.

To, abin da mai saye da mai sayarwa ba su cika tsayawa su tambayi kansu ba shi ne, me ya sa barkono ke da zafi, albasa ke sa hawaye, goro ke da ɗaci, taba kuma ke sa jiri? Uwargida za ta ce ai don miya ta yi daɗi ne. Masana tsirrai kuwa amsarsu daban take. Su a wurinsu yawancin waɗannan abubuwa makamai ne. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da hannun kore ƙuda, inda ya tsira nan zai tsaya har ya mutu. A sama fara da tsutsa da darɓa suna cin ganyensa, a ƙarƙashin ƙasa kuma gara da gwazarma suna cin saiwarsa. Abin da ya rage masa shi ne ya haɗa dafi a cikin jikinsa.

An daɗe ana zaton waɗannan sinadarai shara ce kawai da tsiro ya rasa inda zai zubar. Sai a 1959 wani masanin ƙwari na Jami'ar Illinois ta Amurka, mai suna Gottfried Fraenkel, ya rubuta cewa sam ba shara ba ce, aikinsu shi ne korar masu cin tsiron. Daga wannan lokaci zuwa yau bincike ya gaskata shi a wurare masu yawa. Sanin wannan kuwa ba aikin 'yan boko kaɗai ba ne, domin shi ne ke bayyana dalilin da buhun barkono ke daɗewa a shago lafiya, buhun wake kuwa ya zama gari cikin 'yan watanni, har ɗan kasuwa ya kai ga zuba masa abin da zai iya kashe mai ci.

Barkono da albasa

A fara da barkono, tun da shi ya fi kowa cika baki. Abin da ke ba shi zafi sunansa kafsaisin, kuma ya fi taruwa a farin naman nan na ciki wanda 'ya'yan ke manne da shi. Ɓera da sauran dabbobi masu haƙoran niƙa suna jin zafinsa kamar yadda mutum ke ji, sai su ƙyale shi. Tsuntsu kuwa ba ya jin kome, yana haɗiye 'ya'yan ya kai su nesa ya kasayar, su tsira a can. A 2008 wani Ba'amurke, Joshua Tewksbury, da abokan aikinsa suka duba barkonon daji a ƙasar Bolibiya, suka tarar akwai wasu ƙwari masu tsinin baki da ke huda shi, ta wannan huda kuma ruɓa ke shiga ta kashe 'ya'yan. Inda ƙwarin suka fi yawa, nan barkonon ya fi zafi, zafin kuwa yana rage ƙarfin ruɓar. Manoman Arewa da ke cuɗa busasshen barkono da toka a cikin irin shuka kafin su rufe tukunya, aron makamin wani suke yi ba tare da sun karanta Tewksbury ba.

Ita albasa dabararta ta fi ta barkono ban mamaki, ga shi kuma a cikin ƙasa take zaune, inda mahara ba su da iyaka. Muddin ba a yanka ta ba, ba ta sa kowa hawaye. Tana zuƙo farar wuta daga ƙasa ta haɗa wani sinadari da ita, ta ajiye shi a ɗaki guda cikin kowace ƙwayar halittarta, sa'an nan ta ajiye wani sinadarin da zai kunna shi a wani ɗakin dabam. Sai haƙori ko wuƙa sun fasa bangon da ke tsakani su biyun ke haɗuwa, nan take iskar nan mai yaji ta tashi. A 2002 ne masana a Japan suka gano takamaiman sinadarin da ke ƙera iskar hawayen. Tafarnuwa ma haka take yi, nata dafin sunansa alisin, wanda Chester Cavallito ya ware a Amurka a 1944. Watau dai albasa ba ta yawo da bindiga a ɗane. Albarushi na gefe, ƙyastu na gefe.

Rogo mai ɗaci

Mai karatu ya riƙe wannan dabara ta ɗaki biyu, domin da ita rogo ke aiki, rogo kuwa shi ne abincin ƙasar nan da muke zaune a cikinta. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi, kuma babu gidan Ibo da ba a cin garin rogo ko akpu.

Rogo yana haɗa wani sinadari mai suna linamarin. Yawancinsa a ganye ake ƙera shi, sa'an nan tsiron ya tura shi ƙasa zuwa saiwa, inda ya tara abincinsa, ya fi jibge shi a ɓawo. Shi kaɗai linamarin ba ya kisa. Amma in ƙwaro ya ciji saiwar, ko mace ta goga ta a magogi, sai ya haɗu da abokin aikinsa, su saki sayanayid, gubar da ke hana jiki amfani da iskar da ya shaƙa. Masana a cibiyar binciken rogo ta ƙasar Kolombiya sun gwada wani ƙwaro da ke zaune cikin ƙasa yana huda saiwar rogo, suka ga ya fi yi wa rogo mai zaƙi ɓarna, mai ɗaci kuwa yana guje masa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manoma a wurare da dama suka fi son shuka mai ɗacin ko da yake ya fi wahalar sarrafawa: ƙwari da birai da ɓeraye, har ma da ɓarayi, ba su cika damunsa ba.

Duk aikin da matan Kudu ke yi wa rogo, daga feraye ɓawo da gogewa, da zuba shi a buhu a danne da dutse kwana biyu ko uku ruwan ya tsiyaye ya yi tsami, har zuwa suya a kasko, ba don ɗanɗano kaɗai ake yin sa ba. Kwance wa rogo ɗamara ake yi. Gugar tana haɗa sinadaran biyu da gangan, matsewar tana fitar da ruwan gubar, zafin kasko kuma yana korar abin da ya rage. Ƙa'idar da hukumomin abinci na duniya suka ajiye ita ce kada sayanayid ya wuce miligiram 10 a kilo ɗaya na niƙaƙƙen rogo. Inda aka yi gaggawa aka taƙaita kwanakin, ko aka yi fari rogon ya ƙara ɗaci, abin yakan zo da matsala. Tun a shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wata cutar jijiya mai sa tangaɗi da raunin gani, wadda ta yi yawa a yankin Ijebu, da daɗewa ana cin rogon da bai gama tsarkaka ba.

A nan akwai jan kunne ga ɗan Arewa sabon zuwa. A gida an saba da rogo mai zaƙi, wanda ake dafawa a ci da ƙuli, yara ma su ɓare shi ɗanye su ci a gona. Ba kowane rogon Kudu ne ke yarda da haka ba. Kamanninsu ɗaya a ido, halinsu ba ɗaya ba ne. In an ɗanɗana an ji ɗaci, a bar wa masu gari kayansu.

Amma fa gaba da gabanta. Akwai farar nan mai zane-zanen rawaya da baƙi da kore, mai wari, wadda ke cika gonakin rogo da rani. Bincike ya nuna ɗanyen ganyen rogo yana ba ta wuya, ta fi samun sa'a in ganyen ya fara yaushi, ga shi kuma a taro suke auka wa tsiro. Ita kanta ɓarauniyar makami ce. Akwai wata ciyawa da ta mamaye saurukan Kudu, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Awolowo, wadda kuma rubutun masana ya nuna wajen 1937 ta shigo ƙasar nan, cikin irin itatuwa da aka kawo daga Silon aka shuka kusa da Inugu. Farar takan hau furen wannan ciyawa ta zuƙi gubarsa ta ajiye a jikinta da ƙwayayenta, don masu cin ta su ji ba daɗi. Irin wannan sata ba baƙuwa ba ce a Arewa ma: tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro tana rayuwa a kan tumfafiya, tana tara dafin farin ruwan nan nata, tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin na biyu.

Wanda ya fi kowa wayo shi ne farin ƙwaron nan mai kama da auduga wanda ya bayyana a Kwango a 1973, ya bazu har ya iso Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1970, ya murƙushe gonakin rogo. Shi ba ya tauna. Bakinsa siriri ne kamar allura, yana ratsawa tsakanin ƙwayoyin ganyen ya kai ga jijiyar ruwan zaƙi, bai fasa ɗakunan gubar sosai ba. Makamin rogo ya tashi a banza. Abin da ya ceci rogon Afirka shi ne wani ɗan mitsitsin zanzaro da aka samo daga Faraguwe, can Amurka ta Kudu inda ƙwaron ya fito, wanda Hans Herren na cibiyar IITA ta Ibadan ya fara saki a 1981. Yana saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron, ɗansa ya cinye shi ta ciki. Daga baya aka gano cewa ƙamshin rogon da ƙwaron ya kama yana cikin abin da zanzaron ke bi ya same shi. An ba Herren lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aiki.

Tsakanin saiwa da ganye

Rogo daga sama yake aika makami ƙasa. Taba kuwa akasin haka take yi. Garin tabar da dattawan Ibo ke shaƙa, wanda suke kira utaba, ƙarfinsa daga nikotin yake, nikotin kuma a saiwa ake ƙera shi, ruwan da tsiron ke ja ya hau da shi zuwa ganye. A 1942 wani masani, Ray Dawson, ya ɗaura reshen tumatir a kan gindin taba, sai ga ganyen tumatir ɗauke da nikotin. Da ya ɗaura taba a kan gindin tumatir kuwa, sabon ganyen tabar ya fito kusan babu kome.

Abin bai tsaya nan ba. Ian Baldwin, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tabar daji a hamadar Utah ta Amurka, ya nuna cewa in tsutsa ta fara cin ganye, ganyen yakan haɗa wani sinadarin saƙo da ake kira jasmonik, saƙon ya isa saiwa, saiwa ta ƙara yawan nikotin ta turo sama cikin 'yan kwanaki. Watau tsiron ba ya ɓarnar dukiyarsa a lokacin zaman lafiya, domin haɗa dafi yana cin abincin da zai yi girma da 'ya'ya da shi. Sai an taɓa shi yake ƙara kuɗin yaƙi. Manoman Turai sun yi amfani da ruwan taba wajen kashe ƙwari tun ƙarni na 17, magungunan feshi na zamani kuma akwai dangi guda a cikinsu da ke kama jijiyar ƙwaro a daidai inda nikotin ke kamawa. Uku daga cikinsu Tarayyar Turai ta hana fesa su a fili a 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Auduga ma tana da nata labarin. Duk wanda ya taɓa noma ta a Funtuwa ko Gusau ya ga ɗige-ɗigen baƙi a ganyenta da karanta da cikin gurya. Waɗannan 'yan jakunkuna ne na wata guba mai suna gosifol. A shekarun 1950 Amurkawa suka fitar da auduga marar ɗigon, don a sami damar cin guryarta, sai ƙwari suka yi mata rubdugu, har da waɗanda a da ba su kula auduga. Gwajin da aka yi a Holan a farkon shekarun 2000 kuma ya nuna cewa in tsutsar ƙasa ta ci saiwar auduga, gubar da ke ganye takan ƙaru, tsutsar da ke cin ganyen a sama ta kasa girma yadda ya kamata. Ƙwari biyu ke nan da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, amma cizon wannan ya zame wa wancan masifa.

Masara kuwa, ban da ɗan dafin da take da shi tun tana ƙarama, kururuwa take yi. A 1990 Ted Turlings da abokansa suka nuna cewa in yawun tsutsa ya taɓa raunin ganyen masara, masarar takan saki wani ƙamshi wanda ke jawo ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsa. In da hannu aka yage ganyen ba tare da yawun ba, ƙamshin ba ya tashi da ƙarfi haka. Ta san bambancin iska da maƙiyi. A 2005 kuma Sergio Rasmann da Turlings suka gano irin wannan kira a ƙarƙashin ƙasa: in tsutsar wani ƙwaro ta ci saiwar masara, saiwar takan saki sinadarin kariyofilin, wanda ke ratsa ƙasa ya kira wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, su zo su shige jikin maharin su kashe shi. Shi wannan kariyofilin yana nan a teburin mai kayan yaji, domin yana cikin abin da ke ba kanumfari ƙamshinsa. Wani abin lura shi ne, masanan sun tarar yawancin irin masarar da aka inganta a Amurka sun daina yin wannan kira. Garin neman yawan amfani an zubar da muryar ba a sani ba.

Tsutsar masarar nan da aka fara gani a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Nijeriya da maƙwabta, ta zo ne daga Amurka da makarin dafin masara a cikinta, tana mayar da shi abin da ba ya cutar da ita. Shi ya sa ta yi ɓarnar da ta yi. Goro ma haka: kafeyin da ke hana direba barci guba ne ga ƙwari da yawa, kamar yadda James Nathanson ya nuna a 1984, amma duk mai huhun goro ya san sankara ba ta jin tsoronsa.

Wake, inda kuɗi da rai suke

Duk wannan bayani yana kai mu ga buhun wake, wanda daga kasuwar Dawanau ta Kano da irin su Potiskum ake lodinsa zuwa Kudu, inda ake ƙosai da alale da shi kowace safiya.

Ba a ce wake ba shi da makami ba. A gona yana da wayo ƙwarai. A 2006 Eric Schmelz da abokansa a Fulorida suka gano cewa in tsutsa ta ci ganyen wake ta narkar da shi, wani ɗan guntun naman ganyen yakan dawo cikin yawunta, waken kuwa yana gane wannan guntu nasa ne, sai ya tayar da ƙararrawa. Yana kuma fitar da ɗan ruwan zaƙi a wajen fure don ya jawo tururuwa su yi masa gadi. A cikin ƙwayarsa akwai sinadarin da ke hana cikin ƙwaro narkar da abinci. A 1987 masana a Ingila suka ɗauki ƙwayar gadon wannan sinadari daga wake suka sa wa taba, tabar ta ƙara jure wa tsutsa. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗauki irin wannan kariya daga wani tsiro aka ba wani.

Sai dai ƙwaron wake ya riga ya san kan wannan makami. Cikinsa yana narkar da abinci ta wata hanya wadda sinadarin bai cika tarewa ba. Tun a gona uwar ke manna ƙwanta, ana girbi a shigo da shi rumbu. Ɗan ya ƙyanƙyashe ya huda ƙwayar ya zauna ciki yana ci, cikin mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ya fito babba, mace ɗaya kuma tana iya saka ƙwai da dama, har kusan 100. Mai karatu ya lissafa abin da zai faru da buhun da aka ajiye wata shida ana jiran farashi ya tashi. A shekarun 1970 IITA ta tace dubban ire-iren wake tana neman mai jure wa wannan ƙwaro, da ƙyar ta sami ƙwaya ɗaya, wani waken gida na Nijeriya da aka yi wa lamba TVu 2027, shi ma juriyarsa ba cikakkiya ba ce. Laifin kuwa har da namu. Shekara dubbai ɗan Adam yana zaɓen wake mai girma, mai laushin fata, mai saurin nuna, marar ɗaci. Abin da ya yi wa uwargida daɗi, shi ya yi wa ƙwaro daɗi.

Daga nan ne ɗan kasuwa ke miƙa hannu ga kwalba. A da Gammalin 20 ne, daga baya aka koma Sniper da fiya-fiya, abubuwan da ba a yi su don a zuba a abinci ba. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na makarantar sakandaren Doma a Jihar Gombe aka kwantar a asibiti bayan cin wake, a wannan shekarar kuma aka sami irin haka a Bekwarra ta Jihar Kuros Riba, har yara biyu suka rasu. Hukumar NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari 30 a shekarar. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya, domin an yi ta samun sinadarin da ke cikin Sniper fiye da ƙa'idarsu ta miligiram 0.01 a kilo, wani lokaci ninki ɗaruruwa. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Har yau akwai matan da in sun zo sayen wake suke neman wanda suka ga ƙwaro ɗaya ko biyu na yawo a kai, don su tabbata ba a yi masa wanka da guba ba. Wannan abin kunya ne ga sana'ar da Hausawa suka yi suna a kanta, kuma a garin da Bahaushe baƙo ne, sunan kirki yana cikin jarinsa.

Alhali kuwa ba a rasa mafita ba, wata ma tana tsaye a ƙofar gida. Itacen da Arewa ke kira darbejiya ko maina, Kudu kuma ta karɓe shi da sunan dogonyaro, asalinsa Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sa'ad da fara ta sauka ta cinye kowane kore, ya lura darbejiya kaɗai ta bari da ganye. A 1968 masana biyu a Jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin daga 'ya'yan itacen, aka sa masa suna azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take yadda Sniper ke yi. Yana ɗauke masa sha'awar ci, ya kuma hana shi saɓa, ƙwaron da bai saɓa ba kuwa ba ya girma balle ya haihu. Man 'ya'yan darbejiya mililita 2 zuwa 3 in an cuɗa shi sosai da kilo ɗaya na wake yana tsare shi wata da watanni, sai dai a wanke kafin a dafa saboda ɗaci. Wannan ya fi dacewa da mai ajiyar gida da mai irin shuka.

Ga mai buhu ɗari kuwa akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Larry Murdock na Jami'ar Purdue da abokan aikinsa na arewacin Kamaru suka faro tun ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhun saƙa. Babu magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da kansu, su daina ci, su bushe su mutu.

A gona kuma, tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa ta gagari masu neman irin da zai jure mata a cikin dangin wake. Sai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta fitar da SAMPEA 20-T a Disamba 2019, wanda aka ara masa makami daga wata ƙwayar halitta mai zama cikin ƙasa. Akwai masu maraba da shi don ya rage yawan feshi, akwai kuma masu adawa da duk irin da aka taɓa wa gado. Abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sani shi ne, tsutsar gona aka yi shi domin ta, ba ƙwaron buhu ba. In an kawo shi shago, shi ma ajiya yake bukata kamar kowane wake.

Shi buhun PICS sharuɗɗansa kaɗan ne, amma ba ya yafe ko ɗaya. Waken ya bushe sarai kafin a zuba, a matse iska a ɗaure kowace leda dabam da 'yar'uwarta, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana nuna wa masu saye. In ledar ta huje ko da da tsinin allura ne, a canja ta.